Wai subprocess aikin 'yan koyo ne?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu. Oga ya dawo min da aikina na Django (framework ɗin Python na gina shafukan intanet) don na kira manage.py, fayil ɗin ba da umarni, ta subprocess daga cikin view, wato code ɗin da ke amsa wa mai buɗe shafi. Wai in koma call_command, abin da na yi aikin 'yan koyo ne. Alhali abu yana tafiya lafiya lau!

Malamin Python: Ƙanena, ogan naka bai yi ƙarya ba. Subprocess sabon Python yake tayarwa, ya sake loda settings tun daga farko. Shi kuwa call_command a cikin Django ɗin da ke gudana yake aiki. Ka ba shi interactive=False don kada ya tsaya jiran amsa, in ya ci tura ya jefo CommandError ka cafke.

Ɗan Fagge: Malam, ni ba wannan ya ƙona min rai ba. "Ɗan koyo" fa ya ce.

Hajiyar Laravel: To meye abin zagi a ɗan koyo? Wa aka haifa da iyawa?

Bazazzage: Hajiya, akwai bambanci tsakanin mai koyo da ɗan koyo. Na biyun raini ne, kowa ya sani.

Hajiyar Laravel: A Zariya ne kawai yake raini. Mu dai a Laravel, framework ɗin PHP, Artisan::call muke kira, ba mai cin mutuncin wani.

Bazazzage: Kin ga an fara. Wa ya sako PHP a zancen nan?

Na Maraɗi: Tsaya tukuna, wane umarni kake kira a view ɗin?

Ɗan Fagge: migrate, mai sauya tsarin database.

Na Maraɗi: Innalillahi! Ko da call_command ne bai kamata ba. Gunicorn, server ɗin da ke gudanar da app, daƙiƙa 30 yake jira in ba ka canza ba, sai ya kashe worker ɗin da ke aikin ana tsakiyar taɓa database. A bar migrate sai lokacin deploy, wato sanda ake ɗora sabon code a server.

Hajiyar Laravel: Bazazzage, ka janye maganarka kan PHP. Facebook da me aka fara gina shi?

Bazazzage: Ban ce komai ba tukuna, Hajiya. Tsarguwa ce.

Admin: To a tsaya haka. Abin da aka cimma shi ne call_command ya fi, kamar yadda Malam ya faɗa, kuma Django ta fi Laravel tsari. Oga kuma yana da hakkin ya gyara wa yaransa.

Hajiyar Laravel: Yaushe aka cimma na biyun? Admin, ji tsoron Allah.

Na Maraɗi: Ba wanda zai ce masa ya cire migrate ɗin nan?