Ana dukan maƙwabciyata, in sa baki ko in kama bakina?

Mai ɗinki, Bukoki (Yamai):
Salamu alaikum ƴan uwa. Gidan haya muke, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu. Duk sanda magana ta tashi kan kuɗin cefane sai mu ji ƙarar bel da kukan yara. Da safe ta fito wanke-wanke ta rufe gefen fuska da mayafi, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Kowa a gidan ya ji, amma tsohuwar da ke cikinmu ta ce tsakanin miji da mata ba a shiga. Ta taɓa yin yaji, iyayenta suka maido ta tun bai je biko ba. Abin na hana ni barci. Mi ya kamata in yi?

Dattijo daga Tawa:
Ɗiyata, harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma wannan ya wuce saɓani. Ki samu limamin unguwa ko wanda mijin ke jin nauyinsa. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Nan wajenmu ma akwai wata cutarwar da ba a faɗi: miji ya tafi bida Abijan, matar ta zauna ƙarƙashin uwar miji da ƙannensa, a hana ta hatsi, a hana ta zuwa likita.

Ungozoma:
Baba, da girmamawa, sulhu kaɗai ba ya isa. Sau nawa muka ga mai ciki ta zo awo da tabon duka a baya, an sha yi musu sulhu? Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya (EDSN) na 2012 ya nuna wajen mata 6 cikin 10 a Nijar na ganin miji na da hujjar duka kan aƙalla dalili ɗaya, kamar in abinci ya ƙone, ko ta fita ba izini, ko ta yi masa gardama. Mu mata muka fi maza yarda da haka, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Tun ranar kai amarya muke cewa "ki yi haƙuri", ba wanda ke ja wa ango kunne haka.

Ƴar uwa, fara da ita. Ki kira maƙwabciyar ɗakinki in mijin ya fita, ki ce kin ji, kuma ƙofarki a buɗe take ko tsakar dare. In ya ji mata rauni ta je likita ta karɓi takardar shaida, da ita ake kai ƙara kwamisariya. Akwai kuma ƙungiyar SOS FEVVF nan Yamai, mai taimakon mata da yaran da ake cutarwa cikin gida. Amma kada ki yi komai a bayan idonta, ita za ta kwana ɗaki ɗaya da shi.

Mai ɗinki:
Na gode Baba, na gode Yaya. Akwai zanenta wajena da za ta zo karɓa gobe, zan zaunar da ita. In ta ce kada in gaya wa kowa fa?