Me ya sa mahaya sipidwe na dā suke jan ƙafa a baya?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum, manyanmu. A tsofaffin hotunan sipidwe na Ingila, wato tseren babura a zagayayyen filin ƙasa, wajen 1928 zuwa 1930, za ka ga mahayi ya kwantar da babur a kwana har gwiwarsa ta kusa shafar ƙasa, ƙafarsa ta hagu kuma tana ja can baya. Na yanzu kuwa gaba suke miƙa ƙafar. Doka ce ta canza wannan ko babur ɗin ne? Kuma su wane ne waɗannan na farkon? Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Bakaniken Tsofaffin Injuna:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu dokar da ta hana jan ƙafa. Babur da ƙasar fili su suka kashe salon.

Babur ɗin da ka fi gani a hotunan nan Douglas ne, ƙirar Ingila, mai injin 500cc. Silinda biyu gare shi, a kwance suke, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya. Wannan ya sa babur ɗin ya yi tsawo, nauyinsa kuma ya taru ƙasa-ƙasa. Dogon babur ba ya son lanƙwasa a matsattsiyar kwana, dole ka kwantar da shi sosai, ka buɗe totur har tayar baya ta kufce ta zame waje, sannan ka juya kan babur zuwa ɓangaren da bayan ya tafi. In ya kwanta haka, ƙafar hagu ba ta da wurin zama a gaba, sai mahayi ya sake ta baya. A gefen dama akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da yake maƙale gwiwarsa a ciki don kada babur ya zubar da shi.

Filin ma ya taimaka. Tokar kwal ake shimfiɗawa mai kauri, taya na nutsewa a ciki, don haka mai faɗaɗa kwana yana samun abin da tayarsa za ta kama.

Sai Rudge ta zo da guntun babur mai silinda ɗaya, daga 1930 kuma injin JAP na kamfanin J. A. Prestwich da ke Tottenham ya shigo ya mamaye fage har cikin shekarun 1960. Da guntun babur mara nauyi, mahayi na iya zama kusan a miƙe, ya sa ƙafar hagu gaba da takalmin ƙarfe a tafinta, ya bi ta jikin farin layi na ciki. Hanyarsa ta fi gajarta, yana ganin gabansa, in bayan babur ya zame fiye da kima yana da abin dogarawa. Ginger Lees na cikin waɗanda aka fi dangantawa da fara wannan salo. Da aka koma shimfiɗa niƙaƙƙen dutse mai tauri a maimakon toka, sai mai jan ƙafa ya zama yana burge 'yan kallo amma ana wuce shi ta ciki. Duk da haka irin su Oliver Hart sun riƙe tsohon salon har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma jama'a na cika fili don su.

Mai Bin Tarihi:

Bayanin Malam Bakanike ya yi. Bari in ɗora da sunaye.

Ranar da aka fi ambata a matsayin mafari ita ce 15 ga Disamba 1923, a filin baje koli na West Maitland a Ostireliya, ƙarƙashin Johnnie Hoskins. A riƙe wannan da hankali, domin an yi tsere kan filin ƙasa a Amurka da Ostireliya kafin nan. Amma Hoskins na cikin waɗanda suka bunƙasa shi ya zama sana'ar da ake biya a shiga kallo. A Ingila kuwa taron High Beech, cikin dajin Epping, ranar 19 ga Fabrairu 1928, shi ne ya kunna wutar. 'Yan Ostireliya biyu, Billy Galloway da Keith McKay, suna wurin. Kafin shekarar ta ƙare filaye sun bazu, da yawansu a filayen tseren karnuka, domin akwai wurin zama da fitilu a shirye. Gasar ƙungiyoyi ta fara a 1929.

Taurarin farko baƙi ne: Vic Huxley, Frank Arthur da Billy Lamont daga Ostireliya, sai Sprouts Elder daga Amurka. An ga tazarar da ke tsakani a gasar Star ta 1929, wato gasar fitar da zakaran mahaya, inda aka raba ta gida biyu, Frank Arthur ya ci ta baƙi, Roger Frogley ya ci ta 'yan gida. Shekara ɗaya kacal aka yi haka, a 1930 aka haɗe su Huxley ya ɗauka. Daga 1932 'yan Ingila suka karɓe: Eric Langton, Tom Farndon a 1933, Jack Parker a 1934, Frank Charles a 1935. Farndon ya rasu a 1935 sakamakon haɗarin da ya yi a filinsu na New Cross ana gobe wasan ƙarshe na Star.

Kada kuma a manta da Fay Taylour, 'yar Ailan, da Eva Askquith. Douglas suka hau, sun kara da maza, kuma Taylour ta je har Ostireliya ta yi tsere. A 1930 aka hana dukkan mata shiga tseren a Ingila, wanda a ganina babbar asara ce aka yi wa wasan.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne wasan ƙarshe na duniya na farko, a Wembley, 1936. Mahaya 16, tsere 20, kowa ya fita sau biyar, na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1. Bluey Wilkinson ya ci duka biyar ɗinsa, maki 15 cif, amma ya tashi na uku. Dalili shi ne ana ɗora makin da mutum ya kwaso daga zagayen share fage. Da aka haɗa, Lionel Van Praag da Eric Langton suka yi kunnen doki da 26, Wilkinson kuwa 25. Aka sake musu tseren raba gardama, Van Praag ya ci. Wilkinson ya samu haƙƙinsa a 1938, shekara biyu bayan haka ya rasu a haɗarin hanya a Sidni. Tsakaninsu, a 1937, Amurkawa suka kwashe matsayi uku na sama: Jack Milne, Wilbur Lamoreaux da Cordy Milne.

Ɗan Koyo:

Allah ya ƙara sani. To waɗancan baburan ma ba su da birki kamar na yau? Kuma in mutum na son tada tsohon JAP, me ke ba da matsala?

Bakaniken Tsofaffin Injuna:

Tun a shekarun farko aka cire birki, domin mai taka birki a tsakiyar kwana shi ke jawo na bayansa ya hau shi. Da zamiya ake rage gudu. Douglas na da akwatin giya, amma zamanin JAP giya ɗaya ce: sarƙa daga inji zuwa kulochi, wata daga nan zuwa tayar baya. In fili dogo ne ko ƙasa ta yi santsi, farantin sarƙa na baya ake canzawa.

Abu uku ke kashe waɗannan injuna a hannun wanda bai saba ba. Na farko mai. Metanol suke sha, kuma inji na buƙatar metanol fiye da ninki biyu na fetur ɗin da zai sha da iska daidai wannan. In jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, ya yi ƙanƙanta ko datti ya toshe shi, inji zai yi zafi har kan fistin ya huje. Metanol na jan ruwa daga iska yana cin alminiyam, saboda haka a tsiyaye tanki da kafireta bayan kowane hawa. Wutarsa kusan ba a ganinta da rana, a ajiye abin kashe gobara kusa.

Na biyu baƙin mai. Ba ya zagayawa ya dawo, famfo ne ke ɗigo da shi, ya ratsa inji ya fita ƙasa. Kafin a tayar a tabbata yana ɗigowa, bayan an gama a zubar da wanda ya taru a gindin inji. Man zurma aka saba sa musu, shi ne ƙamshin da tsofaffin 'yan kallo ke tunawa. Kada a gauraya shi da baƙin mai na yau da kullum, zai yi danƙo ya toshe hanyoyi.

Na uku kulochi. Busasshe ne, yana ɗaukar zafi da sauri in aka riƙe shi a bakin layi. A warware farantansa a goge bayan tsere, a duba ko sun lanƙwashe.

Mai Bin Tarihi:

Maganar kulochi ta tuno wani abu da ya shafi tambayar farko. Da farko a guje ake tashi: mahaya su zagayo a jere, alƙali ya ba da alama, kuma ana yawan soke tashi saboda wani ya riga. A 1933 Fred Mockford ya kawo ƙofar zare da ake gittawa a layin tashi, mai ɗagawa sama, a filin Crystal Palace. Daga nan tashi daga tsaye ya zama rabin tsere, wanda ya iya sakin kulochi ya riga shiga kwanar farko ta ciki, shi ake bi da ƙura. Wannan ma ya ƙara fifita guntun babur da ƙafa a gaba kan dogon Douglas.