Me ya sa ruwan sha ya fi tsada ga talaka?

Tambaya: Jama'a, tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwa haƙƙin kowane ɗan adam ne, amma har yau kusan mutum biliyan 2 ba su da ingantaccen ruwan sha. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, babbar matsalar rabo ce. Mai famfo a gida yana biyan kuɗi kaɗan, shi kuwa mazaunin unguwar da bututu bai kai ba, dole ya sayi jarka daga hannun mai ga-ruwa a farashin da ya ninka.

Amsa: Gaskiya ne, kuma mata da 'yan mata ne ke ɗaukar wahalar, domin sammakon zuwa rijiya yana cinye musu lokacin makaranta.

Amsa: Rijiyoyin burtsatse da yawa suna mutuwa saboda ba a tanadi kuɗin gyara ba.