Masu kiwon tsaka mai zanen damisa, yaya kuke fitar da ita bazarar Yamai?

Daga Yantala: Salamu alaikum jama'a. Wani Bature abokin aikina da ya koma gida ya bar mini tsakarsa mai zanen damisa, da akwatin gilas da fitilar ɗumi. Har a filin jirgi yana jaddada mini kar sanyi ya kama ta. Sanyi a Yamai cikin Afrilu! Yau kwana biyar ba ta ci komai ba, ta lafe a kusurwa ɗaya. Ma'aunin zafin akwatin na nuna digiri 38 da azahar. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Daga Bukoki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kashe fitilar nan kafin ka gama karanta wannan. Shawarar Turawa ta ƙasar sanyi ce, mu nan sanyaya muke nema. Asalinta Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, amma can ma da rana ƙarƙashin duwatsu take, sai magariba ta fito. Gefe ɗaya na akwati kusan 31 take so, ɗayan kusan 25, ta zaɓa da kanta. Ni shekara uku ke nan da tawa. Bazara na shigowa nake sauke akwatin ƙasa, a ɗakin da rana ba ta duka da yamma. Na kifa mata fasasshen tulu a ciki ina yayyafa masa ruwa. In an ɗauke wuta, gorar ruwan firigo nake naɗewa da tsumma in jingina a jikin gilas ta waje. A nan take kwanciya ta miƙe ƙafafu kamar mai hutun Juma'a.

Daga Tahoua: Yaya ya faɗi gaskiya, amma ni hunturu ne ya cuce ni. Da ta yi saɓa a Janairu, busasshiyar fata ta maƙale a yatsunta kamar zobe. Ban kula ba sai da yatsu biyu suka yi baƙi suka faɗi, kuma ba sa sake fitowa kamar wutsiya. Yanzu robar bota na huda wa ƙofa, na sa jiƙaƙƙen tsumma ciki. In kun ga jikinta ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, saɓa ce tafe. Kar ku nemi fatar, cinyewa take.

Daga Harobanda: Tawa mutuwa ta yi, laifina ne. Yashin bakin kogin Isa na shimfiɗa mata don ya yi kyau a ido. Tana cafke gyare tana haɗawa da yashi, har cikinta ya toshe. Takarda ko tayil ya fi. Kuma kar ku kwaso mata ƙwari ƙarƙashin fitilar tsakar gida in ana fesa maganin sauro. Ku kiwata gyarenku a bokiti da dusa da ɓawon karas, ku barbaɗa musu garin kalshiyam mai bitamin D3, in ba haka ba ƙashinta laushi yake yi, haɓa ta lanƙwashe.

Daga Bukoki: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ƙanena, duba wutsiyar, nan take ajiye kitse. In tana da kauri, kwana biyar ba ci ba abin tashin hankali ba ne. Kar dai ka kama ta ta nan, yar da ita za ta yi. A riƙa wanke hannu bayan an taɓa ta, musamman yara.

Daga Yantala: Na gode ƙwarai. Fitila na kashe, akwati na ƙasa, jiya bayan isha ta ci gyare biyu. Saura Inna. Ta leƙo ta ce tsaka kashe ta ake yi, ba kiwo ba. Na nuna mata wannan tana ƙifta ido kuma ba ta iya hawa bango irin ta gida, ta ce ita dai kar ta gan ta kusa da randa. Baturen ya ce suna kai shekara 15 har 20. Hajiya ta Tahoua, ke yaya kika yi da mutanen gidanki?