Tsohuwar Land Cruiser ko Prado, wacce za ta iya da ruwan Legas da hanyar Mambila?

Ɗan Gembu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin mota a cikinku ina neman shawara kafin in saki kuɗina. Ina zaune ne a wajen Agiliti bayan Mile 12, harkata ta dabbobi ce, ina yawan zirga-zirga tsakanin mayankar Oko-Oba da gida, to duk wanda ya san unguwarmu ya san yadda take komawa in damina ta yi nisa, musamman in aka saki ruwan dam ɗin Oyan, ƙaramar mota sai dai ka ajiye ta a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Bayan haka ni mutumin Mambila ne, ina so in riƙa zuwa gida da iyali a motata, daga Serti a hau dutse har Gembu, kuma ƙauyenmu yana can ciki inda kwalta ba ta kai ba. An nuna min Land Cruiser samfurin 80 da wani ya yi amfani da ita a nan, an nuna min samfurin 100 mai injin V8, akwai kuma Prado da wata Pajero ta Mitsubishi a kasuwar motoci ta Berger. Kowa da abin da yake faɗa min, kaina ya ɗau zafi.

Sannan tambaya ta biyu, mahaifina kullum labarinsa Land Rover ne, ya ce a zamaninsu ita kaɗai ke hawa Mambila. To ina ta shiga yanzu, me ya sa ko'ina ka duba sai Toyota?

Baba Direba:

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da ta biyun don ita ta fi min daɗin amsawa, na yi tuƙin ma'aikata tun ina saurayi har furfura ta fito min. Mahaifinka gaskiya ya faɗa maka. Asalin duk wannan jif da kuke gani daga yaƙin duniya na biyu ne, sojan Amurka suka nemi ƙaramar mota mai jan taya huɗu, kamfanin Willys da Ford suka ƙera musu ita tun daga 1941. Da aka gama yaƙi sai mutanen Ingila suka kwaikwayi tsarinta suka fito da Land Rover a 1948, don manoma ma aka fara yin ta. Lokacin ƙarfe ya yi musu wuya sai suka yi bodinta da alminiyam, shi ya sa za ka ga tsohuwar Land Rover ta shekara da shekaru a yashe amma bodin bai ci tsatsa ba, shasin ne ke ruɓewa a ƙasa. Tunda Turawan Ingila ke mulkinmu ai dole ita za a kawo mana, Di'o a cikinta, 'yan doka a cikinta, malaman dabbobi masu allurar shanu, asibitin mishan, duk ita ce. Ba ta da gudu, ba ta da taushi, ka yini a cikinta ƙugunka zai gaya maka, amma da sufana da fulaya da waya za ka iya dawo da ita gida daga ko wane daji.

Su kuma mutanen Japan a 1951 Toyota ta yi tata, a shekarar ne ma Nissan ta fito da Patrol. Sunan Land Cruiser sai a 1954 aka raɗa mata. Wadda ta buɗe musu kasuwar Afirka ita ce samfurin 40 da aka fara a 1960 aka yi ta yi har 1984, sai 70 ta karɓe ta a shekarar, kuma wallahi har yau ana ƙera 70 ɗin sabuwa fil, ita ce wadda kake gani da ƙungiyoyin agaji da sojoji. Abin da ya sa Toyota ta ƙwace filin a ganina ba wai ta fi iya hawan dutse ba ne, a'a, ta fi daɗewa ba ta nemi bakanike ba, kuma kayan gyaranta sun bi ta har ƙananan garuruwa. Mai ma'aikata lissafi yake yi, motar da ta fi zama a hanya ita zai ƙara saya. Ku yara ba ku san yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ba, sojan Chadi da Hilux da Land Cruiser suka fatattaki tankokin Gaddafi a cikin sahara, har duniya ta sa wa yaƙin sunan Toyota. Daga nan duk mai bin hanyar Agadez ya san abin da zai saya.

Land Rover ba ta mutu ba, ta canja masu saye ne. Tun da suka fito da Range Rover a 1970 hankalinsu ya koma kan masu kuɗi, ita kuma ta aikin wadda aka sa wa suna Defender an daina ƙera tsohon samfurinta a farkon 2016. In ni ne kai, 80 zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Aksil ɗinta na gaba sandar ƙarfe ce guda kamar na baya, in taya ɗaya ta faɗa rami ɗayar tana nan a ƙasa tana ja, hawan Mayo Selbe da laka irin ta Nguroje a hanyarku ta Mambila abincinta ne.

Oga Maigareji:

Baba Allah ya ƙara girma, tarihi kam kun ba mu. Amma maganar 80 ina da ja kaɗan, ku yi haƙuri. Ni garejina yana kusa da Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, motocin nan su nake kwana ƙarƙashinsu. 80 ɗin nan daga 1990 zuwa 1997 aka yi ta, wato ko autarsu ta ba shekara 25 baya, kuma wadda aka yi amfani da ita a Legas ba ka san hannu nawa ta bi ba. Ƙarfe ne na gaske ban musa ba, amma roba ba ƙarfe ba ce, duk wani bushin da sil da tiyo da wayar da ke jikinta sun tsufa tare da ita. In ya samu mai injin gas ɗin nan 1HZ, silinda shida lita 4.2 wanda ba shi da tabo (turbo) ba shi da birenbos, wato kwamfutar inji, kuma shasi lafiya, to ya saya da ido rufe, sai dai irinta masu ita ba sa sakin ta da arha. Mai fetur ɗin lita 4.5 ita ma injin ne mai rai bakwai amma shan manta sai mai zuciya.

Ɗan'uwa ka fara raba jif gida biyu tukuna. Akwai wadda aka ɗora bodinta a kan shasi daban irin na babbar mota, su Land Cruiser, Prado, 4Runner, Patrol, GX. Akwai kuma wadda ƙaramar mota ce aka ɗaga ta, su Highlander da RAV4 da RX, suna da kyau a gari amma kar ka kai su hanyar ƙauyenku. Kai ta farkon kake nema, kuma lallai ta kasance tana da ogzilari, wato ƙaramar giyar nan ta biyu mai rage gudu ta ƙara ƙarfi, wurin saukowa daga dutse ma ta fi amfani don ita za ta riƙe motar ba sai ka ƙona birki ba.

Ita 100, daga 1998 zuwa 2007, mai V8 lita 4.7, mota ce mai daɗin zama, iyali za su ji daɗinta a doguwar tafiya, injin ɗin kuma yana daɗewa sosai in ana canja masa baƙin mai a kan kari. Abu biyu ka sani. Bel ne ke juya tayimin ɗinta ba sarƙa ba, ka tambaya yaushe aka canja, in ba wanda ya sani to ka canja shi da fanfon ruwa ranar da ka saya. Na biyu in Lexus LX470 ce ko wadda ke ɗagawa da sauka da kanta, wannan tsarin da man haidirolik yake aiki, in ya tsufa gyaransa kuɗi ne, da yawa muna cire shi mu sa shokazoba da sifirin na gargajiya. Sai tanki, kusan lita 100 yake ci, ka lissafa da farashin yau. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur na ga manyan mutane sun ajiye V8 a gida sun rufe ta da tamfol, gosulon Ikorodu Road kaɗai ya isa ya shanye maka ribar rana.

Ni shawarata Prado ta 2003 zuwa 2009 mai V6 lita 4.0. Sarƙa ce a tayimin ɗinta, kayanta a Ladipo ba sai ka wahala ba, kuma ko a Jalingo ta tsaya maka za ka samu wanda ya san ta. Akwai mai silinda huɗu lita 2.7, ta fi sauƙin mai a gari amma in ka cika ta da mutane da kaya a hawan dutse za ka ji tana nishi. Ka kuma sani ba a sayar da Prado da wannan sunan a Amurka ba, 'yan uwanta na can su ne 4Runner da GX470, ƙasansu kusan ɗaya ne, don haka in tokumbo kake so, wato ta hannu daga ƙasar waje, kar ka raina su.

Yanzu maganar da ta fi damuna, ruwa. Jif ba kwalekwale ba ce. Duk damina sai an jawo min motoci da igiya saboda mai ita ya ga tana da tsayi ya afka. Injin iska yake shaƙa, in ruwa ya kai bakin inda yake shaƙar ya shiga silinda, fistin ba ya iya matse ruwa, sai kwanrod, sandar da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe, shi ke nan sai sauke inji. In ta mutu maka a cikin ruwa don Allah kar ka sake murza makulli, a turo ta waje a cire fulogi a duba. Ko ka wuce lafiya ma, aksil da giyabos suna da ɗan ramin numfashi, in suna da zafi suka shiga ruwan sanyi sai su zuƙe shi, bayan sati ka buɗe ka ga man ya koma fari-fari. Mai zama a Agiliti ya riƙa duba man aksil bayan duk ambaliya, ya kuma wanke ƙasan motar.

Wurin saye kar ka tsaya kallon fenti da kujeru. Ka je da bakanikenka ba na dillali ba, a hau da ita kan rami, a ƙwanƙwasa shasi da guduma. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ƙasa, wasu kuma ambaliya ce ta ci su a can aka wanke aka turo mana, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka sa a bincika lambar shasi a intanet. A saka ogzilari a gabanka a ga yana shiga yana fita, don da yawa a Legas an shekara ba a taɓa shi ba har ya daskare, wasu ma an cire musu furofelan gaba gaba ɗaya. Takardun kwastan kuma ka tabbatar da su, hanyar da za ka bi shingaye ne tun daga nan har Taraba.

Maman Hanif:

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ba bakanike ba ce amma Pajero muke hawa a gidanmu shekaru da dama, ni nake kai yara makaranta da ita, kuma ban ga wanda ya ce komai a kanta ba. Ba ƙaramar mota ba ce fa, tun 1982 ake yin ta, gasar tseren motoci ta Dakar, lokacin da ake ratsa sahara, sau 12 ta ci. Kuɗin sayenta bai kai na Prado sa'arta ba, da ragowar sai ka sa mata sababbin tayoyi ka yi sabis. Abin da zan faɗa tsakani da Allah shi ne an daina ƙera ta a 2021, kuma ranar da za ka sayar ba za ta riƙe kuɗinta kamar Toyota ba. Sannan Malam ka tuna da matarka da tsofaffi, motar da ta yi tsayi da yawa hawanta wahala ne ga mai ciki ko mai ciwon gwiwa, ka sa a saka mata matakala. Kuma duk wadda ka saya ka koyi tuƙa ta a hankali a kwana, doguwar mota ba ta son a fizge sitiyari, gangaren Mambila ba wurin gwaji ba ne da yara a baya.

Baba Direba:

Oga na ji bayaninka kuma na yarda da maganar tsufa, idona ya fi sanin motar lokacin tana sabuwa. Abu ɗaya zan ƙara, taya. Na ga jif mai tsada ta maƙale a lakar da tsohuwar a-kori-kura ta wuce, saboda tayar gari ce a ƙafarta. Ya sayi mai manyan haƙora daidai gwargwado, sifiya ta zama lafiyayya, ya riƙe igiyar ja da shebur da jak mai kyau da ɗan katakon da zai ɗora shi a kai. In ya isa laka ya rage iskar tayoyin kaɗan, ya shiga da giya ɗaya kar ya canja a tsakiya. Kuma ɗana kar ka hau dutsen nan da dare ko cikin hazo, ka kwana a Serti.

Ɗan Gembu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Allah ya ƙara lafiya, zan karanta wa mahaifina wannan tarihin a waya don na san zai ji daɗi. V8 kam na cire ta a lissafi. Zan koma in sake duba Prado ɗin da Pajero, Hajiya kin sa na fara kallonta da wani ido. Oga Maigareji in ba damuwa zan turo maka saƙo ta ciki mu sa rana ka raka ni Berger, ita 80 ɗin ma ina so ka leƙa ƙasanta, mai ita ya ce injin gas ce amma ban duba ko 1HZ ɗin da ka faɗa ba ne.