Yaro ya bugu a ka wajen ƙwallo: yoga za ta iya maido da shi fili?

Kocin Yara, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ɗan bayanmu mai shekara 15 ya yi karo da ɗan gaban wata ƙungiya ranar Asabar, kai da kai, suna neman ƙwallo a sama. Bai suma ba, da ƙafarsa ya fita, amma yau kwana uku ke nan yana kukan ciwon kai, in ya kalli waya kuma sai jiri. Muna da wasa Asabar mai zuwa. An ce mini in sa shi yoga, wato motsa jikin nan na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, wai tana warkar da irin wannan, tana kuma ƙarfafa jiki har yara su daina jin bugu. Gaskiya ne? In haka ne, da wane motsi za a fara?

Likita, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Koci. Allah ya ba shi lafiya. Maganar wasan Asabar dai a ajiye ta tun yanzu. Abin da ka bayyana alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne, kuma rashin suma ba ya nuna sauƙi, domin mafi yawan waɗanda ta sama ba sa suma. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya tsaya ko ya juya farat ɗaya, sai ta motsa a ciki, aikinta ya rikice na wani lokaci. Bugu na biyu kafin ta murmure shi ne abin tsoro, musamman ga masu tasowa, don yana iya jawo kumburin da ke kisa.

A kai shi likita ya duba shi a yau ko gobe. Amma in an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba jira, sai sashen gaggawa: amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai da ke ƙaruwa, gani biyu-biyu, jijjiga, barcin da ake tashinsa da ƙyar, sambatu, ciwon wuya mai tsanani, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana nan cikin garin Kaduna, akwai kuma na Shika a Zariya. A ƙara sa ido in bugun a gefen kai ne, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Mutum yakan tashi garau yana hira, jini na taruwa a ciki, bayan wasu sa'o'i ya faɗi.

Magani kuwa, farasitamol ya isa. Asfirin da ibufurofen a guje su a kwanakin farko saboda suna iya ƙara zubar jini, taramol kuma ko kusa, don yana rufe alamomin da muke son gani. Kada hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka a asibiti, ya ruɗe ku: jini da karaya yake nunawa, girgizar ba ta fitowa a cikinsa, don haka "hoto ya fito lafiya" ba izinin komawa fili ba ne.

Abu ɗaya da nake roƙon kociyoyinmu: yaron da ya faɗi bai motsa ba, a daina ɗaga shi ta hannu da ƙafa ana kwara masa ruwan leda. A riƙe kansa daidai da jikinsa yadda ya faɗi, don wuyan ma yana iya samun rauni.

Mai Gashin Ƙashi, Barnawa:

Likita ya gama magana kan haɗarin. Ni zan ɗora kan yadda ake komawa, domin a nan ne yoga take da gurbi, amma ba inda aka faɗa maka ba.

Taron masana da aka yi a Amsterdam a 2022 ya tsara matakai 6, kowanne aƙalla sa'a 24. Na farko hutu ne na sa'a 24 zuwa 48, da rage kallon waya da talabijin. Ba kulle shi a ɗaki mai duhu ba, ya yi zirga-zirgarsa ta gida. Daga nan tafiya a ƙasa ko tuƙa keken motsa jiki, minti 10 zuwa 15, a ƙara a hankali. Na uku gudu da juya ƙwallo shi kaɗai, ban da buga ta da ka. Na huɗu atisaye da 'yan wasa ba tare da karo ba, na biyar cikakken atisaye, na shida wasa. Ba a shiga na huɗu sai alamomi sun ɗauke gaba ɗaya kuma likita ya amince.

Yadda za ka gane ko an wuce gona da iri: kafin ya fara, ka ce ya auna ciwon kansa daga 0 zuwa 10. In ya ƙaru da maki 2 ko ƙasa da haka, ya kuma lafa cikin sa'a ɗaya, babu laifi. In ya haura, a tsaya, gobe a sake gwada matakin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ɓoye ciwo don kada a cire shi daga jerin 'yan wasa, saboda haka ka tambayi mahaifiyarsa da malaminsa na aji ma. Wanda bai iya zaman aji ba tare da ciwon kai ba bai isa shiga fili ba. A Birtaniya ƙa'idar wasannin unguwa da aka fitar a 2023 ta ce ba gasa kafin kwana 21, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da mu, tunda ba mu da likita a bakin fili. In alamomi suka wuce mako 4, a koma asibiti.

Batun rigakafi kuma, babu motsin da ke sa ƙwaƙwalwa ta daina girgiza. Wuya mai ƙarfi dai yana rage yadda kai ke fizga in ɗan wasa ya ga bugun na zuwa. Ga sauran yaranka masu lafiya: tafin hannu a goshi, a tura kai a hannun ba tare da kan ya motsa ba, daƙiƙa 10. Haka a ƙeya, haka dama da hagu. Sau 3 kowane ɓangare, kwana 3 a mako, haɓa a ɗan ja ta ciki, ba a riƙe numfashi. A fara da rabin ƙarfi.

Malamar Motsa Jiki, Malali:

Koci, yoga ba ta warkar da ƙwaƙwalwa, duk wanda ya ce maka haka ya yi ƙari. Abin da take bayarwa shi ne daidaiton tsayuwa, ƙarfin ciki da baya, da natsuwar numfashi. Abin da muke ɗauka ke nan, motsi da numfashi, babu wani karatu ko ibada a ciki.

Ga shi yaron, a mataki na biyu: ya zauna a tabarma, bayansa a bango, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga 4, ya sake yana ƙirga 6, na minti 5. Yana taimaka wa barci. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, tafin ɗaya ƙafar a ƙaurinsa ba a kan gwiwa ba, daƙiƙa 20 kowane ɓangare, ido a buɗe. Duk motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji haramtacce ne gare shi yanzu: tsayuwa da ka, tsayuwa da kafaɗa, da dafa ƙasa a ɗaga ƙugu sama. Suna tura jini zuwa kai, su tayar da ciwon da jirin, na farkon biyu kuma suna danne wuya. Bidiyoyin YouTube cike suke da su, don haka ka gargaɗe shi. Numfashin nan na sauri-sauri da juya wuya zagaye ma a bar su.

Masu lafiyar kuwa, minti 15 bayan atisaye ya isa: kifa ciki a ɗage jiki kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa na daƙiƙa 30, tsayuwar ƙafa ɗaya ana jefo musu ƙwallo, sannan miƙa cinya da ƙugu. A nemi inuwa, in da hali a yi da safe kafin rana ta take.

Tsohon Alƙalin Wasa, Kawo:

Ƙari kaɗan. A ƙwallon ƙafa yawancin irin wannan rauni daga karon kai da kai ne, ko gwiwar hannu, ko faɗuwa, ba daga ƙwallon ba. Filayenmu na ƙasa kuma da hunturu tamkar siminti suke. Ka koya musu kiran ƙwallo da murya kafin tsalle, ido a buɗe, a buga da goshi, hannu kada ya tashi. Ƙananan a ba su ƙwallo lamba 4, kada a cika mata iska. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015. Tun Yulin 2024 kuma dokar wasa ta bai wa masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman ga wanda ya bugu a ka, sai ku nemi a sa shi cikin ƙa'idar gasarku.

Kocin Yara, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe za mu je asibiti da mahaifinsa. Likita, makaranta fa, ya ci gaba da zuwa?

Likita, Unguwar Rimi:

Ya je, amma a fara da rabin yini, ya riƙa hutawa in kan ya motsa, a kuma roƙi malamai su ɗage masa jarrabawa. Keke da babur kada ya tuƙa tukuna.