Yadda Farkon Fim Ke Nuna Cewa Na Barkwanci Ne

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda farkon fim zai nuna wa mai kallo cewa na barkwanci ne, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a wadata fitowar farko da haske da launuka masu ɗaukar ido, domin duhu yakan sa mai kallo ya zaci tashin hankali ne ke tafe. An kuma ce a ja kyamara baya har a ga ɗan wasa daga kai zuwa ƙafa, saboda idan ya zame ya faɗi, hango shi daga nesa dariya yake kawowa, alhali matso da fuskarsa tausayi yake jawowa. A ganina wannan ce ta fi nauyi. Game da kiɗa kuwa an saɓa: wasu sun zaɓi mai sauri, wasu sun fifita ɗan shiru kafin abin dariyar ya faru.